Dafin Kububuwa da Firizar Mukhtar

Ranar kasuwar Kibiya Tajuddeen ya fara ganinta. Rana ta take, motarsa saura mutum ɗaya ta cika, yana tsaye a bakin tasha yana kiran "Kano ɗaya! Kano ɗaya!" sai ga wata doguwar budurwa da farin gilashi a ido da takalmin roba irin na manoma. Ta rungumo wata shuɗiyar kula ta ƙanƙara kamar mai rungume da jariri.

"Malam direba, gaba nake so," in ji ta.

"Gaba taki ce, Hajiya. Kawo kular a sa a but."

"Ba ta shiga but. A cinyata za ta zauna."

Ta shiga ke nan wata dattijuwa ta leƙo daga kujerar baya. "'Yar nan, fura ce a ciki? Ki sam mini, tun safe nake jin ƙishi."

"A'a Inna, dafin kububuwa ne."

Kafin ta rufe baki motar ta zama wayam. Dattijuwar nan da aka sha fama kafin a cusa ta ciki, ita ta riga kowa fita, har da barin takalmi ɗaya. Da wani direban ne, da ya zazzaga wa budurwar masifa, don lodin da ya sha rana yana haɗawa ta watsa masa. Shi kuwa Tajuddeen dariya ya yi har da dafa mota. Da ta ce bari ta sauka don kada ta ja masa asara, sai ya maida ƙofarta ya rufe, ya ce wanda ke tsoro ya bi ta baya. Mutum biyu kaɗai suka koma, su ma a can ƙurya suka maƙale.

Kafin su wuce Rano ya san sunanta Saudat, 'yar Malam Badamasi tsohon hedimasta a Kibiya. Digiri na biyu take yi a wata jami'a a Kano. Akwai wani tsohon gardi a Durba, Baba Ramalan, shi ke kama macijin ya riƙe masa kai, ita kuma ta tara ɗan kofin gilashi, macijin ya sara a bakin kofin, dafin ya ɗiga.

"To ki yi me da shi?" ya tambaya, ido ɗaya a titi, ɗaya a kan kular.

"Dafi ba abu ɗaya ba ne, haɗi ne na furotin iri-iri. Wani yana tsinka jini, wani yana daskarar da shi, wani yana cin nama. Ni rarraba su nake yi a ɗakin gwaji, in ware kowanne daban. Akwai guda ɗaya da nake farauta, mai hana jini yin guda. In aka gane shi sosai, wata rana zai iya zama magani."

"Wato abin da ke kashe mutum shi zai warkar da shi?"

"In Allah ya yarda."

Bai gane rabin bayanin ba, amma ya gane cewa ba ya son tafiyar ta ƙare. Direban da aka sani da gudu, ranar a hankali ya riƙa lallaɓa motar kamar ya ɗauko ƙwai. Da za ta sauka ya ce ai mai irin wannan kaya tana buƙatar direba na musamman, ya karɓi lambarta.

Shekara ba ta zagayo ba sai da duk tashar ta san kujerar gaban motar Taju tana da mai ita. Ya sa mata suna Zumata, wai don duk dafin da take ɗauka bai rage mata zaƙi ba. In ya sauke ta, kafin ta cire takalmi saƙo ya shigo.

"Zumata, tunda kika sauka motar nan ta yi mini faɗi. Har fasinja suna tambaya ko ba ni da lafiya."

Ita kuma ta amsa: "Yaya Taju, ka ajiye wayar nan ka kama sitiyari da hannu biyu. Ina son direbana da ransa."

Da maganar ta je gida, mahaifiyarsa Hajiya Dije ce ta fara tubure masa a Rano.

"Yarinyar da ke wuni tana tatsar maciji ita za ta tuƙa maka tuwo? Ranar da kuka yi faɗa fa? Ni ban haifi ɗan da za a gwada magani a kansa ba."

Saudat da ta ji, ba ta yi fushi ba. Dambun zogale ta yi, wanda ya sha man gyaɗa da albasa, ta ba shi ya kai. Hajiya ta karɓa, ta ɗebi cokali biyu ta watsa wa kajinta, ta ja kujera ta zauna tana kallonsu har la'asar. Da ta ga ba wadda ta faɗi, sai ma zakaran da ya ƙara cara, ta cinye dambun tas, ta tambaya ko akwai saura. Ranar da Saudat ta zo gaishe ta kuwa, hira ta kai su ga ƙanin Hajiya, Abdulganiyyu, wanda kububuwa ta sara a gona a Madachi suna matasa, jini ya riƙa fita ta dasashinsa har rai ya yi halinsa. Hajiya ta share ido da bakin mayafi ta ce, "To 'yar nan, Allah ya ba ki sa'a a kanta."

Malam Badamasi shi nasa tsoron daban ne. A zaurensa ya zaunar da Tajuddeen ya ce, "Ba na raina sana'ar kowa, ɗana. Abin da na sani shi ne namiji yakan ce ya yarda da karatun mace kafin aure, in an kai masa ita ya ja ƙofa ya kulle. Sai ta gama aikin nan za a ɗaura. In na ga alamar za ka tsaya mata a hanya, ko an sa rana zan fasa."

Tajuddeen ya rantse har da dafa ƙirji. Kuma da gaske yake, don a lokacin bai san da zaman Mukhtar a duniya ba.

Damina ta biyu ita ce ta babban aikin. Kububuwa ba ta ba da dafi da yawa, ɗigo ne kaɗan, sai an tara na macizai masu yawa kafin ya isa a rarraba. Ana fara ruwa kuma malaman jami'a suka tafi yajin aiki, aka rufe ɗakin gwajin. Dafin nan kuwa dole ya zauna a daskare tun daga ranar da aka tatse shi. Duk yankin wuri ɗaya ne ke da firizar da ba ta mutuwa dare da rana, wato kemis ɗin Mukhtar a Rano, mai aiki da sola.

Mukhtar ya yi karatun haɗa magunguna. Saurayi ne fes, ga ƙamshin turare, ga mota mai sanyi a ƙofar shago, ga murya a ƙasa-ƙasa irin ta mutanen da ba su taɓa kiran fasinja ba. Ya ware wa Saudat ɓangare guda a firizar, ya ce ko sisi ba zai karɓa ba. Wannan kyautar ita ta fara tsaya wa Tajuddeen a wuya.

Kullum suka taso daga Durba sai ya tsaya a ƙofar kemis, ta shiga da kula. Ajiye kwalba ai ba ya ɗaukar lokaci, amma sai ya hango su ta gilashi suna magana, rabi Hausa rabi Turanci, Mukhtar yana zana wani abu a iska da yatsa, ita kuma tana gyaɗa kai. Wani lokaci har ta yi dariyar nan mai sa ta cire gilashi ta goge ido, wadda Tajuddeen ya ɗauka shi kaɗai ke iya sa ta. Sai ya danna hon. In ba ta fito ba ya sake dannawa, har masu shagon kusa suka san sautin.

"Me kuke cewa da Turanci?" ya tambaye ta wata rana, fuska a murtuke.

"Maganar furotin ce."

"Furotin ɗin ne yake ba ki dariya haka? Ni ma a koya mini shi mana in riƙa ba ki."

"Haba Yaya Taju. Mutumin nan taimakona yake yi."

"Na ga irin taimakon. Ni namiji ne, na san kallon da yake miki."

Ta juya tana kallon gonakin gero ta taga.

A tasha ma ba a bar shi ya huta ba. Abokinsa Sagiru, wanda bakinsa ba shi da birki, ya dube shi a gaban direbobi ya ce, "Taju, don Allah fitar da mu daga duhu. Kai ne angon, ko kai ne direban da ke kai amarya zance?"

Aka bushe da dariya, shi ma ya yi yaƙe. Da yamma ya tura mata: "Zumata, ki gaya mini gaskiya, in da ni ma na yi jami'a, da kin fi sakin jiki da ni?"

Ta amsa: "In da jami'a nake nema, ai can na baro su. Kai nake so, ka bar wahalar da zuciyarka."

Ya karanta saƙon ya ji sanyi, sanyin da bai wuce zuwa washegari ba, lokacin da ya sake ganinta ta gilashin kemis. Mai kishi dai ko an ba shi amsa mai daɗi, sai ya juya ta ya duba bayanta.

A nan ne dabara ta faɗo masa, kuma shi a ganinsa ba a taɓa yin dabara irinta ba. Tunda firiza ce ke kai ta wurin Mukhtar, ai sai ya sayi firiza. Ya shiga Kano ya samo wata 'yar gwanjo ƙatuwa, ya ɗaure ta a saman mota, ya kawo gidan Hajiya ya jona. An yi sa'a, ko kuma rashin sa'a, makon nan wuta ta zauna a unguwarsu, firizar ta yi ƙanƙara har tana hayaƙi.

Damina ta zo ƙarshe, Saudat ta tafi Zariya bikin 'yar kawunta. Tajuddeen ya jira ranar da Mukhtar ya shiga Kano sayen magunguna, ya je ya samu matar da ke taya shi tsaron shago, ya ce Saudat ce ta aiko shi ɗaukar kayanta. Matar ta saba ganinsa kullum, ba ta kawo komai a ranta ba. Ta miƙo masa akwatin roba cike da ƙananan kwalabe, kowacce da 'yar takarda manne a jikinta, aikin damina guda cur. Ya kai gida ya sa a firizarsa ya rufe, yana ta murmushi shi kaɗai yana hango yadda za ta yi murna.

Da la'asar aka yi iska mai ƙarfi, taransifomar unguwar ta yi ƙara ta mutu.

Hajiya ta kwashe namanta ta soya tun washegari, ta ce masa, "Kai Taju, kayan yarinyar nan fa? Ba za ka mayar inda ka ɗauko ba?"

"Hajiya, dafi ne fa. Abin da ke kayar da bijimin sa, ɗan zafi ne zai yi masa wani abu?"

Gaskiyar magana ita ce ya fi son komai ya faru da ya koma ƙofar Mukhtar da akwatin nan a hannu. Haka kwanaki suka shuɗe, wuta ba ta dawo ba, shi kuma bai buɗe firizar ba, bai kuma gaya mata ba.

Da Saudat ta dawo, daga tasha kemis ta wuce. Ta buɗe ɓangarenta ta ga wayam. Nan take ta kira Tajuddeen.

"Kwantar da hankalinki, Zumata," ya ce da fara'a. "Zo gidan Hajiya, albishir zan miki."

Ta iso a kan acaɓa, Mukhtar na biye da ita a motarsa. Tajuddeen ya ɗaga murfin firizar yana kallon Mukhtar, ba ita ba. Wani ɗumi mai wari ya buso. Ƙanƙarar duk ta narke, akwatin yana iyo a ruwa, takardun jikin kwalaben sun saɓule sun taru a gefe, ba a sanin wace kwalba ce ta wane maciji. Saudat ta ɗauki ɗaya ta kara a kumatunta. Da ɗumi.

"Tun yaushe?" ta tambaya a hankali.

"'Yan kwanaki ne. Amma ai dafi ne, Saudat, ko yanzu aka..."

"Kisa kam zai iya yi har yanzu. Ni ba kisa nake nema ba. Abin da nake nema a cikinsa zafi yana lalata shi, kamar yadda yake lalata madara." Ta ajiye kwalbar. "Kullum da safe ina tsaye hannuna kusa da bakin kububuwa. Kana gani. Kai kake kai ni."

"Don ke na saya, wallahi. Don ki huta da..."

"Don kanka ka saya, Tajuddeen."

Tunda suka saba ba ta taɓa kiran sunansa haka gatsau ba. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Hawaye ne kawai suka zubo ta ƙarƙashin gilashin, ta juya ta fita. Yana tsaye yana kallo Mukhtar ya buɗe mata ƙofar motarsa, ta shiga.

Malam Badamasi bai ɓata lokaci ba. Ya aika wa kawunnan Tajuddeen cewa a dakatar da magana, kuma kada ya ƙara taka masa ƙofar gida. Ba a yi nisa ba Sagiru ya kawo sauran labarin, wannan karon ba dariya a bakinsa: Mukhtar ya tura manyansa Kibiya neman auren Saudat, Malam ya ce sai abin da yarinya ta ce.

Tajuddeen ya rame. Ya riƙa bi ta layin su Saudat ba gaira ba dalili, kuma ranar da ya ga motar Mukhtar a ƙofar gidan, sai da ya kifa kai a sitiyari don ƙirjinsa kamar an zuba garwashi. Ya koma gida yana huci yana cewa ai dama ya faɗa, ai dama ya san abin da mutumin ke nufi.

Hajiya ta dube shi sama da ƙasa. "Ka faɗa, mun ji. To shi ya ɓata mata aiki ko kai? Da hannunka ka buɗe masa ƙofar. In za ka zauna kana ƙirga motocin da ke tsayawa a gidansu, zauna. Ni dai na yi asarar suruka."

Washegari da sassafe ya kama hanyar Durba. Ya tarar da Baba Ramalan yana gyaran sandarsa mai baki biyu, ya durƙusa ya tambaye shi ko akwai sauran dama a bana.

"Akwai 'yar kaɗan," in ji tsohon. "In an fara yankan gero suna kwanciya ƙarƙashin dammunan geron, suna bin ɓeraye. Amma ƙafata ta gaji, ba na iya zaga ƙauyuka. Da sanyi ya shigo kuma sun shige rami, sai baɗi."

"Baba, ni ne ƙafarka."

Abin da direba ya fi kowa shi ne sanin mutane. Duk fasinjan da ya shiga motarsa, duk direba da ɗan acaɓa daga Kibiya har Madachi, sai da ya ba shi lambarsa. Duk wanda ya ga kububuwa a gona kada ya kashe, kada ya taɓa, ya ja baya ya kira. Waya na shigowa zai bar wa Sagiru lodinsa, ya ɗauko Baba Ramalan su nausa cikin gonaki. Mutumin da ko tsaka ya gani a ɗaki sai ya kira a fitar masa, shi ne yau yake tuƙi da akwatin macizai a but, yana jin hucinsu yana karanta duk addu'ar da ya sani.

Baba Ramalan ya aika wa Saudat cewa kaya sun samu. Ta zo, don aiki ba ya jiran fushi. Ta ga Tajuddeen a tsaye da buhun ƙanƙara, ta amsa sallamarsa, ta wuce wurin Baba Ramalan. Da aka gama tatsa ta tsaya tana neman acaɓa, rana kuwa tana dukan kular. Ya buɗe mata ƙofar gaba. Ta buɗe ta baya da kanta ta shiga.

A ƙofar kemis ya ce ta ba shi minti ɗaya. Ya shiga, shagon cike da masu sayen magani, ya tsaya a gaban Mukhtar ya cire hula.

"Malam Mukhtar, na yi wa ma'aikaciyarka ƙarya, na ɗauki abin da aka ba ka amana. Ka yafe mini. Kuma ina roƙonka ka sake ba ta wuri a firizarka."

Mukhtar ya daɗe yana kallonsa. "Ka san na aika gidansu?"

"Na sani."

"Kuma ka kawo mini ita da kanka?"

"Ba ita na kawo maka ba, aikinta na kawo. Ita kam ita za ta zaɓa."

Mukhtar ya amince. Tajuddeen ya fito, Saudat ta shiga da kula. Ya zauna a mota hannunsa yana ƙaiƙayin hon, ya tura shi ƙarƙashin cinyarsa ya danne. Haka aka yi ta yi har kaka ta ƙare. Kullum ya kai ta, kullum ya hango su ta gilashi, kullum zuciyarsa ta tafasa, kuma ko sau ɗaya masu shagon kusa ba su ƙara jin hon ɗinsa ba.

Ranar da aka ajiye kwalbar ƙarshe ya tura mata saƙo. "Saudat, na san ban dawo miki da daminarki ba, wannan ɗan abin da na iya ne. Ba zan ƙara tsaya miki a hanya ba. In shi kika zaɓa zan yi ƙoƙari in yi muku addu'a, amma don Allah kada a kawo mini katin, ba zan iya ba."

Ba ta amsa ba. Aka janye yajin aiki, ta kwashi kwalabenta ta tafi Kano, shiru. Ya riƙa duba waya har fasinja suna yi masa faɗa. Sai wata ranar kasuwa yana cikin ɗaure buhun tumatir, wayar ta yi ƙara.

"Yaya Taju, ya fito. Na ware shi shi kaɗai, na ɗiga a jini a kwalbar gwaji, jinin bai yi guda ba. Malamina ya ce in fara rubutu. Kai na fara gaya wa, ko Baba bai ji ba."

Kafin ya gama karantawa wani saƙon ya shigo.

"Ni ma ina da laifi. Tun tsakiyar damina Mukhtar ya ce yana sona, na ce masa an yi mini miji. Na ɓoye maka don na san za ka hana ni firizar. Da manyansa suka zo ma amsar da na ba Baba ke nan. Idonka bai yi maka ƙarya game da shi ba, game da ni ya yi maka ƙarya. Na share ka ne don in ga ko za ka iya zama a motar nan ba ka danna hon ba. Ka zo ka ga Baba ranar Juma'a."

Tajuddeen ya zauna a kan buhun tumatir ɗin mutane, mai kayan yana ta masifa, shi ko ji ba ya yi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya durƙusa a zauren da aka hana shi shiga. Malam Badamasi bai sakar masa fuska ba.

"Aikin nan ba ya ƙarewa da digiri. Malamanta maza ne, abokan aikinta maza ne, za ta yi tafiye-tafiye, kuma firizar yaron nan za ta ci gaba da amfani da ita. Ka ce mini ka daina kishi, in ba ka ita."

Tajuddeen ya sunkuyar da kai. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da Saudat, kuma ya san ƙarya ce.

"Baba, ban daina ba. In na ce na daina na yaudare ka. Ko jiya da na wuce ta ƙofar kemis ɗin sai da raina ya ɓaci. Abin da zan iya yi maka alkawari shi ne, ni zai riƙa ci, ba aikinta ba."

Malam ya ajiye carbinsa ya dube shi.

"Wancan karon ka rantse mini har da dafa ƙirji, ban yarda da kai ba," in ji tsohon. "Yau na yarda. Ka turo kawunnanka."

Bayan ta kare aikinta a gaban malamai aka ɗaura auren a ƙofar gidan Malam Badamasi. Direbobin Rano da Kibiya suka ajiye lodi suka cika layin da motoci, manoman da suka riƙa kiran waya suka zo da kyautar gero da kaji, Baba Ramalan ya sha sabuwar babbar riga. Ana cikin gaisawa sai ga Mukhtar ya ratso taro, ya miƙa wa ango hannu.

"Allah ya sanya alheri, Malam Taju. Ka gaishe mini da amarya, ka ce ina taya ta murna."

Duk wanda ke kusa ya ga yadda muƙamuƙin ango ya motsa. Sagiru har ya matso don ko ta kwana. Tajuddeen ya riƙe hannun da kyau ya ce, "Za ta ji. Mun gode da duk abin da ka yi mana."

Da yamma, kafin magariba, aka kawo amarya Rano. Hajiya Dije ta kama hannunta ta sa a na ɗanta, ta ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya kare ta daga bakin abin da take tatsa, shi kuma ya sanyaya masa zuciya. Mata suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa.

Da 'yan rakiya suka ja baya, ya zauna a gefenta yana murza hula a hannu, fuska kamar mai shan maɗaci.

"Zumata, akwai saƙo. Mukhtar ya ce in gaishe ki, yana taya ki murna."

Ta ɗaga mayafi ta dube shi. "Kuma ka faɗa mini?"

"Yadda ya faɗa, ban rage ko kalma ba. Amma don Allah kada ki ce in kai amsa yau."

Saudat ta yi dariya har sai da ta cire gilashi ta goge ido, sannan ta kwantar da kanta a kafaɗarsa ta ce amsar za ta iya jira. Allah ya bar su tare, ya sa albarka a gidan da aikin.